Kwamfutar 'Yar Fari

Iliasu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma wallahi ban taɓa ganin mutum mai taurin kunya irinsa ba. Mu mutanen Salaga ne, jikokin fataken da suka zo sayen goro suka ga wuri suka zauna. Cinikin goro ya tafi, al'adar gida ta zauna daram. A gidanmu namiji ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Yawancin mazan yanzu sun sassauta. Shi kuwa Iliasu ya riƙe abin kamar a kansa aka saukar.

Raihanatu ce 'yarsa ta fari. Ana yaye ta aka kawo mini ita, ni Hawawu gwaggonta, tunda ni Allah bai ba ni haihuwa ba. Shi ya koma Bawku da matarsa Zuwera, yana fataucin tumaki da awaki. Ni na goya ta, ni na kai ta makaranta, ni na yi ta fama da tarinta duk damina, da ɗan abin da nake samu a sayar da shinkafa da wake a bakin tashar Salaga. Ba na ce bai taimaka ba. Buhun gero zai zo, atamfa za ta zo, amma koyaushe saƙon shi ne, “A ba Yaya.” In ya kira ni a waya, sai ya gama tambayar kaji da maƙwabta da ruwan sama, sannan can a ƙarshe ya yi ƙasa da murya ya ce, “Ya mutuniyarki?”

Mutuniyarki! Kamar wata baƙuwa da na tsinta a mota.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin, yana da wasu 'ya'yan biyu a Bawku, Nazif da Kausara. Su kam sunansu ba ya hutawa a bakinsa. Duk Sallar da muka je, daga safe sai “Kausara zo nan,” “Nazif ina takalmina,” har ya ɗora Kausara a babur su zaga gari. Raihanatu za ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Tana ƙarama ta taɓa tambayata, “Gwaggo, Baba ya manta sunana ne?” Na yi dariya na ce mata al'ada ce, haka kakanta ya yi wa babban yayanmu. Ta ce to. Amma ni da na raine ta na san wannan “to” ɗin a leɓe ta tsaya.

Bana ta samu gurbi a makarantar koyon jinya a Yendi, aka ce kowace ɗaliba ta zo da kwamfuta irin wadda ake naɗewa a sa a jaka. Ban ma gama tunanin inda zan dosa ba sai ga wayar Iliasu.

“Yaya, ki zo da mutuniyarki Bawku. Kayan nan sun fi sauƙi a nan, ta Togo suke shigowa.”

Na ce, “Kai Iliasu, ka ji tsoron Allah. Tamale tana nan a hancinmu cike da shaguna, sai mu wuce ta, mu wuce Bolga, ƙashin bayana ya karye a mota, don rangwamen da kuɗin mota zai cinye?”

Sai na gane. Ba sauƙin kaya ba ne, so yake ya gan ta kafin ta tafi, kuma ko za a yanka shi ba zai faɗa ba. Na ce to, muna tafe.

Da yamma muka isa, kowa ya yi laushi. Bayan magariba Iliasu ya ja ni bayan garken tumakinsa, ya danƙa mini wani ƙunshin kuɗi a hannu. Ya ce akwai kwamfuta guda biyu a shagon wani Kamaldeen, baƙa mai arha da fara mai ɗan tsada. Farar yake so a saya. Amma in ce kuɗina ne.

Na ce, “Don me? 'Yarka ce fa, ba 'yar maƙwabci ba.”

“Yaya, a ji a gari na sayar da raguna na saya wa 'yar fari kaya? Da wane ido zan kalli mutane? Ki rantse ba za ki faɗa ba.”

Na zage shi tas, irin zagin da yaya ke yi wa ƙane, sannan na rantse. Da na shiga ɗaki Zuwera ta ba ni sauran labarin tana dariya ƙasa-ƙasa. Ashe mutumin nan ya mai da shagon Kamaldeen wurin hira. Kullum in ya taso daga kara, kasuwar dabbobi, sai ya biya, ya sa a kunna wannan a kashe waccan, ya ɗaga su a hannu yana jin nauyinsu kamar yadda yake ɗaga ɗan akuya. Da farko baƙar ya so don ta fi nauyi, wai ta fi ƙoshi. Sai da Kamaldeen ya sha wahalar fahimtar da shi cewa wannan kaya ba a nama ake auna shi ba.

Washegari da hantsi muka tafi mu uku. Ni da Raihanatu a keke mai ƙafa uku, shi a babur ɗinsa a gaba, wai hanya yake nuna mana. Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai sayar da taya da mai ɗinki, in mutum uku suka shiga na huɗu sai ya jira. Iliasu bai ma gwada shiga ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ba mu baya, carbi a hannu, yana kallon titi kamar an ba shi aikin ƙirga babura.

Kamaldeen mutum ne mai fara'a, da tumbinsa da tabarau. Hausarsa irin ta Bawku ce, mace da namiji duk “shi” ne a wurinsa. Ya ce, “Hajiya sannu da zuwa. Wannan ne yarinya da zai tafi Yendi?” Ya jera mana su biyu a kan tebur, ya danna su a tare. Farar ta buɗe ido nan take. Baƙar kuwa ta tsaya tana juya wani ɗan zobe a fuskarta, har na gama gyara ɗankwalina ba ta gama miƙa ba.

Gaskiya mutumin bai yi mana ƙarya ba. Ya ce baƙar ba ta da laifi, sabuwa ce fil, in dai rubutu ne da karatu za ta yi. Illarta cikinta ƙarami ne, in ka buɗe mata abu uku a lokaci guda sai ta tsaya tana tunani, kuma batirinta daga azahar zuwa la'asar ya gama aiki. Farar kuwa za ta kai mutum daga hantsi har kusan magariba ba a jona ta ba, ga sauri, ga rashin nauyi. Kuɗinta ya kusa ninka na baƙar.

Raihanatu ta fi ni sanin abin nesa ba kusa ba. Ta yi masa tambayoyin da ni ko ɗaya ban gane ba, ya ba ta amsa yana gyaɗa kai. Na ga ta ɗora yatsa a gefen farar tana shafawa a hankali, sai ta janye hannun da sauri ta sa a cikin mayafi. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Ta ce, “Baƙar za mu ɗauka.”

Na ce, “Wa ya ce? Farar za mu ɗauka.”

“Gwaggo, karatu da rubutu ne kawai. Waɗanda suka riga ni shiga ma irin baƙar suke da ita, kuma suna cin jarrabawa.”

“In aka ɗauke wuta fa? Ko an ce miki a Yendi wuta ba ta tafiya? Ki zauna kina kallon baƙin allo ƙawayenki suna karatu?”

“Sai in karanta littafi.”

“Arha ba ta ado, 'yar nan.”

“Ai ba ado zan je yi ba.”

Kun ji bakin yaran zamani. Na ce mata kada ta damu da kuɗi, adashe na kwasa. Ta dube ni irin duban da ni na koya mata. Ta ce, “Gwaggo, ni nake kai miki zubi. Ba ke ce da kwasa ba sai bayan Sallah. Me kika sayar? Firjin ne, ko 'yan kunnen da Inna ta bar miki?”

Na waiga na dubi ƙeyar Iliasu, ko zai yi tari, ko zai yi wani motsi da zai fitar da ni. Ina! Ƙeyar nan ko gezau. Sai carbin da ke gudu a hannunsa kamar ana binsa.

Kamaldeen ya so ya taimaka. Ya ce, “Yarinya, ɗauki fari mana. Hajiya yana da ƙarfi.” Ya ce zai ƙara mata jaka kyauta. Ya ce ko shi da 'yarsa ce fari zai ba shi. Duk a banza. Raihanatu ta jawo baƙar gabanta ta rufe, ta ɗora tafin hannu a kai.

Na hasala na ce, “Wai ke me ya sa ba kya jin magana? Ana so a yi miki gata kina turewa?”

Sai ta yi ƙasa da murya. Amma shagon kamar akurki ne, ko raɗa aka yi sai an ji a waje. Ta ce, “Gwaggo, ke kaɗai gare ni. In na karya ki, wa zai ɗauke mu? Mutumin da ke tsaye can tun da muka zo ko juyowa bai yi ba. Da Kausara ce, da yanzu yana ciki yana taya ta zaɓe. Ni tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Na haƙura, ba komai. Amma ba zan ci guminki in ƙara da jarinki ba.”

Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Ta faɗe shi ne kamar abin da ta daɗe da gama lissafinsa. Yarinyar nan za ta tafi wani gari, za ta yi shekaru, daga can sai aiki, daga aiki sai gidan miji, kuma da wannan maganar a cikinta za ta tafi. Ga uban a tsaye taku biyu, ya sayar da ragunan da yake kiwo don Sallah saboda ita, ya kasa buɗe baki. Ga ni a tsakiya da rantsuwa a wuya.

Carbin ya tsaya. Na lura da wannan. Amma ƙeyar ba ta juyo ba.

Na ce a raina, to Iliasu, na rantse ba zan faɗa ba, amma ban rantse zan raga maka ba. Na ɗaga murya yadda har mai taya sai da ya leƙo.

“Kamaldeen! Sa mana baƙar a kwali. Yarinya ta yi gaskiya. Marainiya ba ta zaɓe.”

Kamaldeen ya zaro ido ta saman tabarau. Ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya fara jawo kwalin a hankali kamar hannunsa na ciwo. Raihanatu ta ce, “Haba Gwaggo,” don ita ma ta san na wuce gona da iri. Ni kuwa ko a jikina. Na ce, “Yi sauri malam, muna da tafiya a gabanmu.”

Sai hasken ƙofa ya rufe. Iliasu ya shigo, mutum na huɗu a shagon da ba ya ɗaukar huɗu. Bai dubi 'yarsa ba, bai dube ni ba, fankar da ke rufi ya kafa wa ido. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Ya ce, “Kamaldeen.”

“Na'am, Alhaji.”

“Mayar da wannan.”

Ya nuna farar da carbi.

“Waccan… ta Raihanatu ce.”

A hankali ya faɗe shi, gaɓa bayan gaɓa, kamar mai taka gadar katako. Ni da na san shi tun yana tsumma, ban taɓa jin muryarsa haka ba. Yana gama faɗa ya juya ya fita, ya miƙe titi da ƙafa yana sauri, ya bar babur ɗinsa a ƙofar shago da makulli a jiki.

Raihanatu ta zauna a kan wani kwali ba tare da ta duba ko mene ne a ciki ba. Kamaldeen ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya ce, “To Hajiya, tunda mai kaya ya tona kansa, ni bakina ya huta.” Ya kwashe labarin zaryar da Iliasu ya yi masa ya ba ta, har da ɗaga kwamfuta a ji nauyi. Ni dai na kwance ƙunshin na miƙa masa, ban ce uffan ba. Allah shaida ne, rantsuwata tana nan ban karya ba.

Ranar Iliasu bai ci abinci a gida ba. Nazif ne ya je ya turo babur ɗin. Da safe Iliasu ya zo tasha da buhun albasa da kaji biyu a ɗaure, wai a ba Yaya, ya biya kuɗin mota, ya tsaya yana yi wa direba faɗa kan taya. Raihanatu ta durƙusa ta yi masa sallama, ya amsa yana kallon tayar. Na so in maka masa jakata, amma na ga idonsa ya kaɗa ya yi ja, sai na ƙyale shi.

Muka sauka Tamale muka canza mota zuwa Yendi. Duk tsawon hanyar kwalin yana kan cinyarta, ta rungume shi, ta hana a sa a but. Na ɗauka farin ciki ne ya cika ta.

Da la'asar muka samu ɗakin kwananta. Gado sama da ƙasa, taga ɗaya, soket ɗaya tal na mutum huɗu. Na nuna mata shi na ce, “Kin gani ko? Da baƙar kika ɗauko da kullum kina layi a nan.” Na shimfiɗa mata zanen gado, na jera mata gari da sukari da yaji a akwati, ina ta surutu ni kaɗai. Da na juyo sai na gan ta zaune a bakin gado, farar a buɗe a gabanta, ba ita take kallo ba.

Ta ce, “Gwaggo, gori na yi masa.”

“Wane gori?”

“Ni da ke muka matsa masa a gaban mutane. Kunyar Kamaldeen ya ji, shi ya sa ya faɗa. Da ban yi magana ba, har ya mutu ba zai faɗa ba. Abin da aka ƙwata da ƙarfi ai ba kyauta ba ne.”

Ikon Allah! Na ce yarinyar nan taurin kan ubanta ta ɗebo kaf, ba ta bar wa Kausara ko kaɗan ba. Na ture kwamfutar gefe na zauna kusa da ita. Akwai abin da ban taɓa gaya mata ba, don sirrinsa ne, ni da ungozoma kaɗai muka gani, ita kuwa ta daɗe da rasuwa. Amma a kan wannan bai sa ni rantsuwa ba.

Na ce, “An ce miki jiya ya fara faɗa? Ranar da aka haife ki ni na fito da ke daga ɗaki a cikin zane, na miƙa masa ya yi miki huɗuba. Kin san yadda ake yi, uba ya yi kiran salla a kunnen jariri, ya raɗa masa sunansa, shi ke nan ya miƙo. To shi ubanki ya sunkuya bai ɗago ba. Ina tsaye kusa, ina jinsa. Raihanatu, Raihanatu, Raihanatu, yana ta maimaitawa ba ya ko numfashi, don ya san da zarar ya ɗaga kai an rufe masa baki ke nan. Har ungozoma ta ce, ‘Malam, huɗuba ce ko hira?’ Da na karɓe ki sai da na goge miki kunne da bakin zanena, ya jiƙa shi da hawaye.”

A waje wasu 'yan mata suna jan akwati suna dariya.

Can ta ce, “Wane kunnen?”

Na ce, “Na dama.”

Ta ɗaga hannu a hankali ta rufe shi da tafinta, ta kwantar da kai a kafaɗata, sannan kukan ya zo.